Wutar da Likita Ya Gani a Jikin Damata

Shekara talatin Damata tana yin man kaɗanya a Kukoyili, ba a taɓa cewa manta yana da gauraye ko warin hayaƙi ba. Mijinta ya rasu ya bar ta a ɗakinta, cikin gidan wansa Dokurugu. 'Yarta ɗaya ce, Wumpini, tana aure a Yendi. Damata ba ta roƙon kowa ko gishiri, wannan ma laifi ne a wurin wasu, domin mutanenmu sun fi son matar mamaci mai miƙa hannu.

Ciwon ya shigo mata ba sallama. Da zafi ya fara. Ita da take wuni gaban tukunyar suyar ƙwara ba ta ko share goshi, sai ga shi tana jiƙa zane biyu kafin hantsi. Ana tsakiyar damina, mata suna lulluɓa, ita tana bakin ƙofa tana fifita da faifai. Sai yunwa ta biyo baya. Takan cinye malmala uku ta suɗe kwano, kafin la'asar ta gasa doya ta ƙara, amma kullum zubewa take yi. Awarwaron da a da sai da sabulu yake fita, yanzu da kansa yake faɗowa cikin ƙwarya. Zuciyarta tana dukan ƙirji kamar ana sussuka, ko da a zaune take. Barci ya ƙaurace mata. Hannu ya soma rawa, in ta ɗauki ludayi za ta kwashe man da ya taso, rabi ya koma cikin tukunya. Ga faɗa. Macen da ba a taɓa jin muryarta a bayan katanga ba, ta koma tana zagin akuya, tana zagin yara, tana zagin itacen da ya ƙi kamawa, daga baya ta zauna tana mamakin kanta.

Idanun ne suka fi ja mata. Sun firfito, ba ta cika ƙiftawa ba, in ta dube ka don ta gaishe ka sai ka ga kamar auna ka take yi. A gaban wuyanta kuma wani ɗan kumburi ya taso, tana rufe shi da mayafi.

Mai hankali in ya ga haka zai ce baiwar Allah ba ta da lafiya, a kai ta asibiti. Amma hankali ba ya cikin abin da muke nomawa da yawa. Mata a bakin famfo suka soma tambayar juna: tana ci ba ta ƙiba, to wa take ci wa? Ba ta barci, to ina take zuwa?

Ana cikin haka Sikena, matar ɗan Dokurugu, ta haifi namiji. Ran suna, bayan wanzami ya gama aski, aka riƙa miƙa jaririn ga manyan matan gida ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo hannun Damata sai hannun ya kama rawa, gumi yana ɗiga daga haɓarta kan zanen yaron, ta zuba masa idanun nan tana murmushi, don tana son sa. Yaro ya tsala kuka, Sikena ta fizge abinta. Bayan kwana goma sha biyu zazzaɓi ya kama shi. Aka tsaya jiƙe-jiƙe kwana uku, ranar da aka ce za a kai shi asibiti ya cika. Kafin a watse zaman makoki Sikena ta ce ta yi mafarki Damata tana bin ta da gudu.

Daga ranar ba wanda ya sake sayen manta. Ba a furta kalmar a gabanta ba, amma ta san ta, ta kuma san inda take kai mace. Akwai wani wuri a hayin kogi, gindin tsafin wani tindana, mai kula da tsafin ƙasa, inda ake kai matan da aka ce mayu ne. Ba ma kiran sunansa, ƙetare kawai muke cewa. Wadda aka kai ƙetare ba ta cika dawowa ba. Ita kuwa Damata ba abin da take nema a duniya sai ta ƙare kwananta a ɗakinta, a binne ta kusa da mijinta da sunanta mai tsabta.

Labari ya kai Yendi, Wumpini ta zo. Ta tsaya a bakin ƙofa da ƙullin kayanta a ka, ta kasa shiga.

"Mma! Wa ya sace miki jiki?"

"Shigo mana, kin tsaya kamar an dasa ki. Me kika kawo na ci?"

"Wata biyar ban gan ki ba, ba ki tambayi jikokinki ba sai abinci?"

"Jikokina suna da uwa. Ni cikina ba shi da kowa."

Wumpini ta riƙo hannun uwar, ta ji shi da ɗumi da danshi, yana karkarwa kamar tsuntsun da aka kama. Ba ta nemi shawarar kowa ba. Da safe ta sa ta a mota sai asibitin gunduma.

Likitan da suka samu sunansa Kabore, ɗan Mosi ne da ya tashi a kudu, harshenmu a kasuwa ya tsince shi. Tsakaninmu da Mosi kuwa wasa ne na kaka da jika, mu ne kakanni, muna yi musu tsiya da jakunansu, don haka yana ganin Damata ya washe baki.

"Kaka, sannu da zuwa. Yau dai kin shigo hannun jikanki."

"Jikan banza. Ina jakinka? Ko shi ma ya zama likita?"

"Yana bayan ɗaki yana duba maza. Kawo hannun."

Ya ɗora yatsu a wuyan hannunta yana duban agogo. Murmushin ya ragu.

"Ɗari da ashirin da huɗu a minti guda, kuma a zaune kike. Kaka, wa ya biyo ki?"

"Ba wanda ya biyo ni tukuna," in ji ta.

Bai gane ba, ya ci gaba. Ya sa ta miƙe hannu biyu, ya ɗora fallen takarda a bayan yatsunta, takardar ta kama kaɗawa kamar ganyen rimi. Ya ce ta bi ɗan yatsansa da ido, daga sama zuwa ƙasa, ya ga fatar idon tana makara, fari yana bayyana a saman ƙwayar. Ya zagaya bayanta ya dafa wuyan, ya ba ta ruwa ya ce ta haɗiye, kumburin ya hau ya sauka. Sa'an nan ya jero tambayoyi. Zafi ta fi ƙi ko sanyi? Sau nawa take zagawa a rana? Gashi yana zuba? In ta tsuguna tana iya tashi ba tare da dafa ƙasa ba? Yaushe rabonta da barci mai nauyi?

Damata ta juya ta dubi 'yarta. "Ke kika faɗa masa?"

"Yaushe, Mma? Tare muka shigo."

"To wannan ba likita ba ne, boka ne."

Aka ɗebi jini aka duba sukari, aka duba ƙanjamau, aka ɗauki hoton ƙirji saboda tarin fuka, domin duk suna ramar da mutum. Kafin azahar an ce ba ko ɗaya. Kabore ya jawo kujera kusa da ita, ya nemi hanyar da zai yi wa mai man kaɗanya bayani ta fahimta.

"Kaka, in wuta ta yi wa tukunyar mai yawa, me ke faruwa?"

"Ya ƙone mana. Wannan ko jakinka ya sani."

"To jikin mutum ma tukunya ne. A nan gaban wuya akwai wata 'yar tsoka, kowa yana da ita, aikinta ta riƙa iza wa jiki wuta daidai gwargwado. Taki ta haukace, tana ta tura itace ba ta tsayawa. Shi ya sa kike gumi, abincin da kika ci yake ƙonewa, zuciya take gudu. Wuta ce a jikinki, Kaka, wuta mai yawa. Na kusa tabbata, amma jini ne zai yanke magana. Gwajin ba mu da shi a nan, sai an aika Tamale. Kwana goma."

"Tana mutuwa, wutar?"

"Ana rage ta. In jini ya tabbatar, akwai ƙwayar da za ki riƙa sha, shekara ɗaya da rabi ko fiye. Yanzu ga wannan ƙaramar, tana rage gudun zuciya kafin sakamako ya zo."

Damata ta fashe da kuka a gaban jikan banza, ba ta ji kunya ba. Wata da watanni tana zargin kanta a ɓoye, tana cewa ko dai akwai abin da take yi ba da saninta ba. Yau ga mutum ya ce ciwo ne, yana da suna, yana da magani.

Wumpini ta rabu da ita a mararraba, don ta bar yara a hannun maƙwabta. Ta ce ran da sakamako ya fito za ta karɓo ta kawo. Damata ta taka sauran hanyar ita kaɗai, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa don murna.

Ta tarar da Dokurugu a rumfar ƙofar gida bayan sallar la'asar, da dattawa huɗu da samari suna gyaran keken noma a gefe. Ta cire takalmi ta durƙusa, aka yi gaisuwa, naa, naa, har ta ƙare. Da ta bi al'ada, da ta tashi ta shige, ta bari sai ya kira ta. Amma ciwon nan yana sa gaggawa, baki yana riga tunani.

"Maigida, an gano abin! Likita ya duba ni tun daga ido har ƙafa. Ya ce wuta ce a jikina, wuta mai yawa, ita take..."

Nan ta tsaya, don ta ji abin da bakinta ya faɗa.

Kowa a ƙasarmu, har yaron da bai yi kaciya ba, ya san da me ake cewa maye yana tafiya. Wuta ce ja, wadda ake cewa tana fita daga jikinsa ta bi saman itatuwa. A ɗakin likita kalmar ta murhu ce, ita da 'yarta ba wadda ta ji wani abu a cikinta. A rumfar Dokurugu kuwa, wata guda da binne jikansa, kalmar ba ta da ma'ana sai ɗaya.

Wani dattijo ya ajiye goron da yake ɓarewa. Samari suka daina buga ƙarfe.

"Likita ne ya ce haka?" in ji Dokurugu a hankali.

"Ba irin wannan wutar ba, Maigida. Ta tukunya. Wata tsoka ce a wuya, tana iza itace..."

"Akwai itace a wuyanki?"

"Misali ya yi mini!"

"Kun ji dai," in ji wani saurayi daga gefe. "Har na'urar Bature ta gani."

"Rufe mini baki, ɗan marar kunya! Ni na yanke maka cibiya!" Ta miƙe tsaye tana karkarwa, idanu waje, gumi yana tsiyaya, tana nuna shi da yatsa a gaban dattawa. Duk wanda yake da sauran shakka, a nan ya ajiye ta.

Dokurugu ba azzalumi ba ne irin na tatsuniya. Yana salla, yana fitar da zakkar doyarsa, bai taɓa hana Damata hatsi ba. Matsoraci ne kawai, kuma a ganina matsoraci mai rawani ya fi mugu ɓarna, domin mugu yakan gaji. Washegari ya kira ta zaure ya ce jibi za a kai ta ƙetare, kaza ta faɗi gaskiya.

"Maigida, kwana tara suka rage. Jinina yana Tamale. Ka jira takarda."

"Samari sun ce in kika ƙara kwana uku a gidan nan za su sa wa ɗakinki wuta. In hana su da me?"

"Da bakinka. Kai ne babba."

"Jikana aka binne, Damata. In na tsaya miki, a ce na sayar da jinina. In cikinki fari ne, tsoron me kike yi? Kaza ba ta da dangi a Kukoyili."

"Shekara talatin ina dafa maka abinci in matanka sun haihu. Ka manta?"

Dokurugu ya tashi ya shiga gida.

Ranar da aka sa, aka ƙetare kogi da ita a kwalekwale, da maza shida da farar kaza a hannunta. Tindana tsoho ne mai sanyin murya, ya yi wannan aiki har ya daina duban fuskar matan. Ƙa'idar kowa ya san ta. A yanka kazar a jefa ta ƙasa. In ta mutu a rigingine, ƙirji sama, mace ta fita. In ta mutu a kife, ta tabbata. Damata ta faɗi abin da ake faɗa, cewa in ta san wani abu game da mutuwar yaron, ƙasa ta tona ta. Wuƙa ta wuce. Kazar ta yi tsalle, ta bugi gindin dutse, ta juya rigingine har wani ya ce "A'a!", ta sake shure-shure, ta kife, ta miƙe ƙafa.

Haka aka yanke wa mace mai shekara hamsin da biyu hukunci, da shure-shuren abin da ake saya don miya.

Aka dama mata ƙasa da ruwa da jinin kazar a ƙoƙo, aka ce ta sha don a wanke abin da yake cikinta. Hannunta yana rawa, rabi ya zube mata a zane, ta shanye sauran. Bisa ƙa'ida wadda ta sha ta tsarkaka, tana iya komawa gida. Amma ko ɗaya cikin mazan shida bai dube ta ba da suka juya wajen kwalekwale. Aka ba ta wata bukka da mai ita ta mutu bara, da tabarma, da tukunya mai tsaguwa a baki. Maƙwabtanta tsofaffi ne kusan tamanin, suna yi wa tindana noma, suna kalar masara a kasuwa bayan an watse.

Wumpini ta iso Kukoyili da takarda a rana ta goma sha ɗaya, ta tarar da ɗakin uwarta an zuba buhunan gyaɗa a ciki. Ta bi ta ƙetare, ta roƙi tindana ya bar ta ta kai ta asibiti. Ya ce su je, shi bai ɗaure kowa ba, rashin wurin zuwa ne yake tsare su.

Kabore ya karɓi takardar ya buga tebur don murna.

"Kaka, jikanki bai yi ƙarya ba! Dubi nan. Abu biyu aka auna. Na farko ruwan da tsokar wuyan take zubawa cikin jini. Na mai lafiya ba ya wuce ashirin da biyu, naki sittin da takwas. Na biyu ɗan aike ne da ƙwaƙwalwa take turawa ya ce wa tsokar ta yi aiki. In aiki ya yi yawa, sai ƙwaƙwalwa ta daina aikensa. Naki an neme shi a jini an rasa, ko ƙurarsa babu. Wannan sama, wancan ƙasa, magana ta ƙare. Na ce miki wuta ce..."

"Kada ka sake faɗin kalmar nan," in ji Wumpini.

Ya dube su. Damata ce ta ba shi labari, ba ta ɗaga murya ba, ba ta kira shi jikan banza ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ni misali na yi," in ji shi daga baya.

"Na sani, ɗana. Ni na kai misalin inda ba a misali."

Ya rubuta mata ƙwayar rage aikin tsokar, ya ce kullum, ba fashi, kuma duk mako shida ko ƙasa da haka a sake auna jini. Ya gargaɗe ta, in ta ji ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ta dakata da sha ta zo nan da nan. Ya ce in ta bar magani ciwon zai dawo, kuma zuciya ba ta jure irin wannan gudu har abada. Sa'an nan ya ɗauki takarda mai hatimi ya rubuta wasiƙa doguwa zuwa ga Dokurugu.

Wumpini ta so su wuce Kukoyili a ranar. Damata ta ce a'a, a bari ta warke tukuna, su gan ta da idonsu yadda suka san ta, sa'an nan ba mai sauran magana. Ta koma ƙetare. Duk wata Wumpini takan karɓo maganin ta kawo mata.

Magani ya yi aikinsa. A wata na biyu ta yi barci har rana ta fito. A na uku hannu ya tsaya, ta iya zura zare a allura, tsofaffin ƙetare suna kawo mata ɗinki. A na huɗu kumatu suka ciko, sanyin safiya ya sa ta nemi mayafi, ta yi dariya ita kaɗai. Idanun ne kawai ba su koma duka ba. Bayan an cire doya, ta yi wanka ta ɗaura zanenta mai kyau, ita da Wumpini suka nufi Kukoyili da wasiƙa.

Suka tarar da rumfar cike. Damata ta durƙusa daga nesa, aka yi gaisuwa. Dokurugu ya dube ta sama da ƙasa, fuskarsa ta saki, da gaske ya ji daɗi.

"Masha Allah! Damata, ke ce? Kai, tsohon nan na ƙetare ya iya aikinsa."

Wumpini ta miƙa masa wasiƙar, ta kira shi Mba, wato baba a harshenmu. "Mba, ba tindana ba ne. Ciwo ne, ga takardar likita, ga sakamakon jini."

Aka kira malamin makaranta ya karanta ya fassara, tun daga ruwan tsoka har ɗan aiken ƙwaƙwalwa. Aka saurare shi tsit, domin mutanenmu suna girmama takarda, ba sa dai bin ta.

"Mun ji," in ji Dokurugu. "Takarda ta ce tana da ciwo. A ina ta ce ba ta da ɗayan?"

"Mba, jini ba ya nuna wannan, don babu shi!"

"To kin gani. Jinin Tamale bai duba ba, jinin kaza ya duba. Kowa da aikinsa."

"Magani ne ya warkar da ita! Ga ƙwayoyin, ku gani!"

Dattijon nan mai goro ya gyara zama. "'Yata, a bi a hankali. Da ta bar nan tana ci kamar gobara, ko ba haka ba? Ta sha ƙoƙon tindana. Yau ga ta ta huce. Wanne ta fara sha, ƙoƙo ko ƙwaya?"

"Ƙoƙo, amma..."

"To."

"In ƙwaya ce," in ji wani, "ta bar sha mu gani."

"In ta bari ciwon zai dawo!"

Mutumin ya tafa hannu. "Ashe abin yana nan kwance ke nan, danne shi ake yi. Ku ce mu karɓe ta, ran da ƙwaya ta ƙare fa? 'Ya'yan wa za a fara da su?"

Damata tana durƙushe tana jin su. Ta auna maganar ta kowane gefe kamar yadda take juya ƙwara a tukunya. In ta warke, tsafi ya wanke mayya. In ciwo ya dawo, maita ta dawo. Da ta mutu a bukkar nan, da sun ce ƙasa ta kama ta. Wata huɗu tana haɗiyar magani tana ƙirga ranar da za ta zo ta tsaya a gabansu da lafiyarta, ashe lafiyar ce shaidar da suke jira. Daga cikin gida ta hango Sikena da sabon ciki, ta leƙo ta koma da sauri.

Wumpini ta miƙe tsaye, abin da 'ya ba ta yi a gaban wan ubanta. "Allah zai tambaye ka, Mba. Matar ƙaninka ce. Ɗakin da ubana ya gina ka zuba wa gyaɗa!"

Dokurugu bai yi fushi ba. Da ya yi fushi da ya fi sauƙi.

"Zauna, Wumpini. Ni ubanki ne, shi ya sa zan faɗa miki abin da ake faɗa a bayanki. Wannan abu a nono ake shan sa. Duk wata ana ganinki a kwalekwalen ƙetare. Dangin mijinki sun aiko mini tun watan jiya suna tambaya, na ce ban san komai a kanki ba. Kada ki sa in rasa abin da zan ce musu nan gaba."

Damata ta dafa ƙasa ta tashi. Ta yi sallama yadda ake yi, ta gode wa Maigida, ta sa takalminta. Ba ta nemi ta leƙa ɗakinta ba.

Suka taka har mararraba. Motar Yendi takan tsaya a hannun dama, hanyar kogi kuwa ta yi hagu. A gindin wata ɗorawa Damata ta tsaya.

"Yaushe suka fara?"

"Su wa, Mma?"

"Kada ki yi mini wauta. Dangin mijinki."

Wumpini ta sunkuyar da kai. "Uwarsa ta hana yara cin abin da na dafa, tun watan jiya. Shi bai ce komai ba tukuna."

"Ba za ki sake zuwa ƙetare ba."

"Mma, maganin fa? Wa zai kawo miki? Na wata ɗaya ya rage."

"Zan aika a karɓo."

"Wa za ki aika? Wa kike da shi?"

"Na ce zan aika. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Likita ya ce in kika bari, zuciyarki..."

"Likita ya faɗi abubuwa da yawa. 'Ya'yanki uku, biyu mata. Kina so a ce su ma sun sha a nono? Bukkar da take kusa da tawa ba kowa a ciki, Wumpini. Kullum da safe ina ganinta. Ba zan zauna in jira ranar da za a kawo ki ba."

Motar ta taho tana hayaƙi, ta tsaya. Wumpini ta riƙe zanen uwarta tana kuka kamar yarinya. Damata ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, da hannun da yanzu ba ya rawa ko kaɗan, ta tura ta cikin mota, ta ce wa direba ya ja. Ta tsaya har ƙarar ta ɓace, sa'an nan ta bi hanyar kogi da sauri, don mai kwalekwale ba ya jiran kowa bayan la'asar.